Baƙon Tasha na Ƙarshe

A cikin mutanenmu da ke zaune a wannan ƙasa, da wuya ka sami wanda bai taɓa kwana a ɗakin Tasha ba. Daga nan sunan ya samo asali. Duk wanda ya sauko daga jirgi da jaka ɗaya da lambar waya rubuce a tafin hannu, to lambar Tasha ce, kuma shi zai nemi izini a wurin aiki ya je ya tarbo shi. Ba ya tambayar ɗan wane ne. In dai ka yi masa sallama da harshen gida, ka sami wurin kwana.

Na girme shi nesa ba kusa ba, shi ya sa yake ce mini Kawu, ko da yake ba abin da ya haɗa mu sai zaman baƙunta. Na san shi tun yana ɗaki guda a saman wani shagon gyaran keke, inda ake jera katifu bango zuwa bango, mai zuwa banɗaki sai ya tsallake mutane yana ba da haƙuri.

Aikinsa wanki da guga ne, a wani kamfani da ke wanke wa otal-otal zannuwan gado da tawul. Wurin a ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga. Shi ke tsayawa a bakin babban injin guga, ya kama gefen zane, abokin aikinsa ya kama ɗaya gefen, su miƙa, injin ya haɗiye ya fitar can gaba a shimfiɗe. Tururi ya dafe masa yatsu har sun yi sumul. Ogansu ba ya kiran kowa da suna, yatsa yake kaɗawa. Da yamma Tasha yakan fito rigarsa sharkaf da gumi, ya shiga bas, mutane su ɗan matsa, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

Zaman ƙasar wasu haka yake, abu kaɗan ke ɗaga mutum, abu kaɗan ke kayar da shi. Ranar da tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi ta amsa gaisuwarsa, bayan ya daɗe yana gaishe ta tana kallon bango, sai da ya bugo mini waya ya ba ni labari. Ranar da wata mai kanti ta yi ta sa shi maimaita kalma ɗaya, mutanen da ke layi suna dariya ƙasa-ƙasa, da yunwa ya kwanta.

Abin da ke riƙe da shi a tsaye matarsa ce da 'yarsu. Ya baro yarinyar tana goye. A waya ya ga ta fara tafiya, a waya ya ji an yaye ta, a waya kuma ya ga haƙoranta na gaba sun faɗi. Ba ya faɗin sunanta, tunda 'yar fari ce, sai dai ya ce yarinyar nan. Ita matar tana zaune a gidan iyayenta tana jira.

Ofishin baƙi ya gindaya masa sharaɗi kafin a ba iyalinsa izinin shigowa. Dole ya kama gida mai ɗaki biyu, kuma kada kowa ya zauna a ciki sai shi. Za a turo mai dubawa ta gani da idonta. Tasha ya karɓi aikin ranakun hutu, ya daina shiga bas in yana iya takawa, har ya sami gidan a hawa na sama na wani tsohon bene. Baƙin da ke wuyansa bai kori ko ɗaya ba. Ya yi ta bin su da neman aiki da neman wuri, har na ƙarshen ya ɗauki jakarsa da kansa. Sannan ya sayo fenti ruwan ɗorawa ya shafe ƙaramin ɗakin, ya sa gadon yara, ya rataya labule. Ya kira ni in zo in gani. Muka tsaya a bakin ƙofa muna kallo, bai bari mun shiga ba, wai kada mu ɓata ƙasan.

Ana cikin haka surukinsa, mahaifin matar, ya bugo waya. Bai ja magana ba. Ya ce babban ɗansa, yayan matar Tasha, ya sami hanya yana tafe, kuma ba shi da kowa a can sai Allah sai Tasha. Ya ce amana ce. Tasha ya ce to. Daga baya na tambaye shi ko ya ambaci maganar mai dubawa. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce ta ina zai fara.

Mutumin da ya iso Manaja muke ce masa, don a gida ya taɓa riƙe wani gidan mai, kuma bai bari kowa ya manta ba. Ƙato ne mai tumbi, mai son turare. Tasha ba zai kwanta a gado yayan matarsa yana ƙasa ba, ba kuma zai haɗa ɗaki da shi ba saboda kunya. Sai ya buɗe masa ƙaramin ɗakin, ya ba shi mabuɗin gida. Manaja ya leƙa, ya ce fentin na mata ne, gadon kuma ya yi masa gajere, amma zai yi maneji.

Tasha ya nemo masa aiki a wurinsu. Manaja ya sauka matakala ya shaƙi tururin, ya juyo.

"Ni in wanke zanen da wani ƙato ya yi birgima a kai? Haba ƙanina. Kai ma haƙurinka ne ya yi yawa."

Ya ce kasuwanci ya zo yi, akwai mutanen da yake jira. Mutanen dai ba su zo ba. Yini yake yi a kujera, ƙafa a kan tebur, yana hira da mutanen gida a waya, yana juya ta yana nuna musu firji da labule. In Tasha ya dawo daga aiki ya dafa, Manaja ke fara ɗiba. Har rigunansa Tasha ke gogewa, tunda ai sana'arsa ce, in ji Manaja.

Sai ga saƙo daga ofis cewa mai dubawa tana nan zuwa.

Tasha bai iya buɗe baki ya ce wa Manaja ya tashi ba. Abin da ya iya shi ne zagaye. Ya sayo 'yar jakar makaranta ya rataye a ƙofar ƙaramin ɗakin, Manaja ya zuba cajar waya da safansa a ciki. Ya kawo labarin wani mutum da aka hana iyalinsa zuwa don an tarar da baƙo a gidansa, Manaja ya girgiza kai ya ce mutanen ƙasar nan ba su da imani, ya ƙara shayi.

Ranar hutu na raka Tasha shagon Mai Aski, inda mutanenmu ke taruwa. Shi Mai Aski ya daɗe a katifar Tasha kafin ya kama shago. Akwai kuma Direba, wanda yanzu yake da tasi tasa ta kansa, amma da rigar Tasha ya je neman aikinsa na farko. Tasha ya roƙi ko ɗayansu zai riƙe masa Manaja na ɗan lokaci, har a wuce maganar dubawa. Mai Aski ya ce matarsa ba ta son hayaniya. Direba ya ce mai gidan da yake haya ya sa kyamara a matakala. Suka bi shi da addu'a mai tsawo, har da shafawa. Ni kuwa a gidan mijin 'yata nake zaune, ni ma ajiye ni aka yi, ba ni da bakin gayyato wani.

Abin da zan iya shi ne kai magana, tunda irin wannan ba a faɗa wa suruki baki da baki, dattijo ake aikawa. Na sami Manaja na yi masa bayani dalla-dalla, cewa zamansa a ɗakin nan shi zai hana ƙanwarsa zuwa. Ya saurare ni yana sakace. Da na gama ya ajiye tsinken.

"Kawu, ashe kai aka turo. Ni da gidan ƙanwata?"

Kafin in kai bakin titi ya riga ya buga waya gida.

Washegari surukin ya kira Tasha yana tsakiyar aiki. Ya saki zanen, ya fita lungun da ake tara kwandunan wanki, ya durƙusa har ƙasa da waya a kunne, kamar tsohon yana tsaye a gabansa. Ma'aikata suna leƙe suna dariya, oga yana nuna masa agogo. Tsohon ya ce:

"Na ji abin da ake ciki. In ɗana ba shi da wurin kwana a gidanka, to 'yata ma ba ta da shi."

Tasha ya ce Allah ya huci zuciyar Baba. Da ya koma bakin injin, oga ya ja masa kunne a gaban kowa.

Da ƙyar aka samu Manaja ya yarda zai fita da safen ranar dubawa, kuma sai da ya nuna alfarma ce yake yi. Tasha ya kwashe kayan Manaja ya cusa cikin nasa, ya buɗe taga don ƙamshin turaren ya fita. Ya ce in zo in zauna, tunda na fi shi jin harshen mutanen. Mai dubawar ta zo a kan lokaci, wata mace mai matsakaicin shekaru da ladabi. Ta duba kicin, ta murɗa famfo, ta leƙa ƙaramin ɗakin, har ta yi murmushi da ta ga gadon. Tana tsaye tana maɓalle rigar sanyinta muka ji ana juya mabuɗi a ƙofa.

Manaja ne. Ya ce an fara yayyafi, shi kuma ba zai jiƙa takalminsa saboda wata mata ba. Ya wuce mu kai tsaye ya shiga ƙaramin ɗakin, muna jin sa yana tambayar inda aka kai masa silifas.

Matar ta tambayi Tasha wane ne wannan, kuma ko a nan yake zaune.

Manaja ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshen. Da Tasha ya ce maƙwabci ne, ko baƙon da zai tafi anjima, ba zai taɓa sani ba. Amma kafin a yi tambayar ma, Tasha ya riga ya miƙe daga kujerarsa ya bar masa, ya karɓi jiƙaƙƙiyar rigarsa da hannu biyu. Ga shi kuma mutumin ya fito ya tsaya a gabansa. Bakin Tasha ya ƙi ya yi musun surukinsa a kan idonsa. Ya ce yayan matarsa ne. Ta tambayi tun yaushe yake nan, ya faɗa mata gaskiya. Ni ba a tambaye ni ba, kuma mabuɗin da ke hannun Manaja ya riga ya ba da amsa.

Matar ba ta yi fushi ba. Ta ce za ta sake dawowa sau ɗaya. In ta tarar da abin da ta tarar yau, za a rufe maganar, sai dai ya koma ƙarshen layi ya fara daga farko, kuma layin na shekaru ne. Da ta fita, Manaja ya zauna a kujerar ya miƙe ƙafa.

"Me ta ce? Ta yaba gidan ko? Ai na ga tana dariya."

Tasha ya ce ta yaba. Ya shiga kicin ya ɗora ruwa, ya tsaya yana kallon tukunyar har ruwan ya ƙone.

Da yammar nan matarsa ta kira shi. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa kawo masa ƙorafi ba, kullum lafiya lau take cewa, ko da muryarta ta nuna ba haka ba. Wannan karon ta zagaya bayan gida don kada a ji ta. Shi ya maimaita mini maganar, kuma ina jin bai rage komai ba.

"Ba zan iya ce wa Baba komai ba, ka sani. Yaya kuma tun muna yara haka yake, ba ya tashi sai an ɗaga shi. Abu ɗaya zan faɗa maka. Yarinyar nan ta daina tambaya yaushe za mu tafi. Jiya da na ce ga babanki a waya, cewa ta yi in ce maka tana wasa."

Bai ce mini zai yi wani abu ba. Sai dai na ji ya je wani gidan kwanan ma'aikata da ke bayan layin dogo, inda gwauraye ke kama gado, ya duba, ya zaɓi wanda yake kusa da taga, ya biya.

Ranar hutu, Manaja ya tafi shagon Mai Aski hira. Tasha ya kira ni. Na tarar ya kwaso kayan mutumin kaf ya wanke, ya kafa teburin guga a tsakar ɗaki. Ban taɓa ganin guga irin ta ranar ba. Kowace riga sai ya bi wuyanta da hannayenta, kowane wando sai ya fitar masa da kari, ya ninke ya jera a akwati. Kwalaben turare ya naɗe su cikin safa don kada su fashe. Ya goge takalman ya sa a leda. Ya ajiye akwatin a bakin ƙofa, muka zauna jira.

Manaja ya shigo ya yi tuntuɓe da akwatin.

"Wannan fa?"

Tasha ya durƙusa. "Na kama maka wuri, Yaya. Akwai gado daidai tsawonka. Ni zan riƙa biya har ka sami abin yi."

"Kora ta kake yi?"

Na daɗe da sanin Tasha, ban taɓa jin ya ba na gaba da shi amsa kai tsaye ba. Na zaci zai fara zagaye, ya kawo maganar ofis da mai dubawa. Kansa yana ƙasa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"E, Yaya."

Ya tara hannu biyu yana neman mabuɗi. Manaja ya jefar da shi a ƙasa, Tasha ya ɗauka. Shi ya saɓi akwatin ya sauko da shi daga bene, Manaja yana gaba yana lissafa masa alherin gidansu, cewa sun ba shi mata lokacin da ko keke ba shi da shi. Maƙwabta suna buɗe ƙofa suna leƙowa. A haka har suka shiga bas.

Kafin labarin ya kai gida, kayan da aka goge aka ninke sun zama kayan da aka watsar a titi ana ruwan sama. Mahaifiyar Tasha ta daina fita unguwa saboda surutu. A shagon aski kuwa ba a yi wata hira ba sai wannan. Mai Aski ya ce Tasha ya zama ɗan ƙasa, ya koyi halinsu na rufe ƙofa. Direba ya ce shi tun da yake bai taɓa jin inda mutum ya kori surukinsa ba, wannan abin kunya ne ga dukanmu. Waɗanda suka fi ɗaga murya duk na san katifar da kowannensu ya kwanta a kai. Na bari suka yi shiru, sannan na tambaya a hankali ko a cikinsu akwai mai wurin da zai ajiye bawan Allahn nan, tunda abin ya dame su haka. Mai Aski ya kunna injinsa. Direba ya ce ana jiransa.

Mai dubawar ta dawo, ta tarar da gida ba kowa sai Tasha. Bayan wani lokaci izinin ya fito. Tasha ya kira surukinsa tsohon don ya sanar da shi, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, ba a ɗauka ba. Tsohon bai ce a tafi ba, bai kuma ce kada a tafi ba, ya dai daina shiga sashen da 'yarsa take. Mahaifiyarta ce ta ɗaure mata kaya. Ranar tafiya ya fita tun da sassafe, bai dawo ba sai da motar ta tashi.

Na je yi musu barka da zuwa bayan sun huta. Matar ta durƙusa ta gaishe ni, idanunta a kumbure, yarinyar tana bayanta tana leƙe na. Tasha ya ce mini tun kafin ta kwance kaya, tambayar da ta fara yi ita ce ina Yaya yake, kuma me yake ci. Tun daga ranar, in ta yi girki sai ta cika kula ɗaya daban. Tasha in ya taso daga aiki ya watsa ruwa, sai ya ɗauka ya shiga bas zuwa bayan layin dogo. Manaja yana karɓa. Ba ya amsa gaisuwa, kuma kular jiya yakan miƙo ta ba a wanke ba. Har yanzu mutanensa na kasuwanci ba su zo ba.

Kwanan baya na haɗu da Tasha a bakin titi yana jiran bas, kula a leda a hannu ɗaya, yarinyar tana riƙe da ɗayan. Ta fara makaranta, har tana gyara masa harshen mutanen in ya yi kuskure. Ya ce ita ta matsa sai ta raka shi, amma a ƙofa yake barin ta, don kawun nata ba ya ɗaga kai ya dube ta. Na tambaye shi ko tsohon ya fara ɗaukar waya. Ya ce tukuna. Ya ce ita dai uwar yarinyar ta wayar mahaifiyarta take jin muryarsa daga nesa, in yana magana da wasu, sai ta yi shiru ta saurara.

Ina shirin in ce wani abu, yarinyar ta ja hannunsa ta ce Baba ga motar nan. Ya gyara riƙon ledar.

"Sai mun dawo, Kawu. In abincin ya huce, sai Yaya ya kira gida ya faɗa."